Inda Kuɗin Cefane Ke Zurarewa

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan da ya biyo baya, cefane ya zama abin da magidanta ke kwana da shi a rai. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A Yulin shekarar aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuɗin da a lokacin bai kai na buhun shinkafa ɗaya ba a kasuwanni da dama. Hatsi ya ɗan sauko a 2025, amma kowace uwargida ta san tukunyarta ba ta koma yadda take a da ba.

Idan aka ce wa Bahaushe ya riƙa girki a gida don ya rage kashe kuɗi, dariya zai yi, domin ai a gidan ake girkin tun kaka da kakanni. Sai dai a duba abin da ke shiga tukunyar yanzu. Da safe an aiki yaro shago ya sayo taliyar leda da burodi. Da rana tumatirin leda biyu, ƙullin mai, ƙullin gishiri, ƙullin barkono, dunƙulen magi na naira kaza. Da dare a sayo garin tuwo gwangwani uku. Wuta dai a gida aka hura, amma kusan komai an saye shi ne bayan wani ya surfa, ya niƙa, ya ƙulla a leda, ya ɗora ribarsa. Mai shago ba azzalumi ba ne, shi ma haya yake biya. Amma duk ƙullin da ya miƙo maka, ka biya kuɗin ledar, ka biya ladan ƙullawar, in kuma bashi ne ya rubuta a littafi, ba ka da bakin neman ragi.

Hatsi shi ne babba. Masara da gero da dawa sun fi araha da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, sannan su fara hawa har su ƙure a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. A Kano buhun hatsi yakan ɗauki kwano 40 ko kusa da haka. Wanda ya je Dawanau ko kasuwar ƙauye ya ɗauko buhu, ya kai inji da kansa, ya sami gari, ya sami tsaki na dambu ko fate, ya kuma sami dusa, wadda ko dai kaji da awakin gida su ci ko a sayar wa masu kiwo. Mai sayen gari gwangwani-gwangwani ya bar wa wani duk wannan. Gero kwano ɗaya da aka jiƙa aka markaɗa aka tace yana ba da gasarar da za a yi ta dama koko kwana da kwanaki, ga ƙarin kwanciyar hankali cewa an san irin ruwan da aka yi aikin da shi.

Za a ce wanda ke samun na yau ya ci yau ina zai ga kuɗin buhu? Gaskiya ne, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma gida huɗu na iya haɗa kuɗi su raba buhu kwano goma-goma, kamar yadda ake watandar nama da salla. Mata masu adashe na iya daidaita kwasarsu ta faɗo a kan kaka maimakon lokacin biki. Abin da ban ba kowa shawara ba shi ne cin bashi don a tara hatsi da fatan zai yi tsada. Waɗanda suka yi haka a ƙarshen 2024 sun ji a jikinsu da farashi ya karye. A sayi na ci kawai.

Ga kuma kayan miya. Daga Janairu zuwa Maris, idan noman rani ya nuna a Kadawa da Kura da Garun Malam, tumatir kan yi yawa har manoma su rasa yadda za su yi da shi a kasuwar Kwanar Gafan. Watanni kaɗan bayan haka, da ruwa ya sauka, sai ka ga ƙwaya huɗu an kasa ana kiran kuɗin da ya isa sayen roba guda a baya. Iyayenmu sun san maganin wannan: kauɗa. A yanyanka tumatir da tattasai da attaruhu, a shanya, a adana. Haka kuɓewa, kuka, karkashi, zogale da yakuwa. Sai dai a lura da wurin shanya. Wanda ake bazawa a gefen kwalta, ƙura da hayaƙin mota na sauka a kai, awaki na bi ta ciki, ba abin sha'awa ba ne. A shimfiɗa tabarma mai tsabta a kan rufi ko wani abu mai tudu, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda. Ganye kuwa a inuwa ya fi, don kada rana ta ƙone amfaninsa.

A wajen ajiya ne ganganci ke shigowa, kuma nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Wake ba ya jimawa ƙwari ba su huda shi ba, shi ya sa wasu ke yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper. Waɗannan guba ce da aka yi don feshin ƙwari, ba don abin da za a ci ba, kuma wanki ɗaya ba ya tabbatar da ta fita. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Akwai hanyar da ba ta buƙatar ko ɗigon magani. Buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, leda biyu ne masu kauri a ciki da buhu a waje. A ɗaure kowanne dabam, iska ta ƙare, ƙwarin su mutu. Jarka mai tsabta da murfinta ke rufuwa gam tana yin wannan aikin, muddin waken ya bushe ƙayau kuma an cika ta har baki. Wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba ta shiga wannan lissafi.

Masara da gyaɗa kuwa danshi ne abokin gabarsu. Idan aka ajiye su ba su gama bushewa ba, ko aka jingina buhu a ƙasa mai sanyi, sai fumfuna ta kama su, ta haifar da gubar da likitoci ke kira aflatoksin, wadda ke jawo ciwon dajin hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Dafuwa ba ta kashe ta. Gyaɗar da ta yi ɗaci ko ta canja launi, da masarar da ta yi baƙi-baƙi ko kore-kore, a tsince a zubar, kada a ce asara ce a mayar da su ƙuli-ƙuli ko kunu. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango.

Nama ya yi tsada, wannan ba labari ba ne. Waken suya kwano guda, in aka jiƙa aka markaɗa aka tace aka tsinka da ruwan tsami, yana ba da awarar da gida zai ci ya ƙoshi, dusarsa ma ta shiga abincin dabbobi. Daddawar kalwa da ɗan busasshen kifi suna ɗaga miya ba sai an jefa dunƙule biyar ba. Dunƙulen nan gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Mai hawan jini a gida ya fi kowa cin ribar ragewar.

Girkin gida ma yana da nasa kuɗin da ba a cika lissafawa ba: gas, gawayi, itace, da lokacin matar da ke tsaye a kan murhu. Gwauron da zai hura wuta don loma biyar wataƙila mai abincin bakin titi ta fi masa sauƙi. Amma ga gida mai baki shida ko goma, dabarar ita ce a rage yawan hura wutar. A jiƙa wake tun dare, zai nuna da wuri ba sai an tula masa kanwa ba. A rufe tukunya. A tuƙa tuwon dare da ɗan yawa don a sami ɗumamen safe, wanda ya fi burodi da shayi riƙe cikin ɗan makaranta. Sai dai da zafin Afrilu da rashin wutar lantarki, miyar da ta kwana a tafasa ta sosai kafin a kwanta, a sake tafasawa da safe. Shinkafar da ta wuni a kula ta fara yauƙi ko tsami kuwa, ɗumamawa ba ya gyara ta, kuma kuɗin ƙarin ruwa a asibiti ya ninka na kwanon shinkafar sau da yawa.