Ginin Malfa na Maseru: Nazarin Sunan Mokorotlo da Matsayinsa a Al'adar Basotho

1.0 Gabatarwa

A bakin titin Kingsway da ke Maseru, babban birnin ƙasar Lesotho, akwai wani gini mai rufin ciyawa da aka tayar da siffar malfa, wanda ake kira Basotho Hat. Shago ne na sayar da kayan sana'ar hannu, kamar kwanduna da tukwane da kayan saƙa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin da ya sa malfa ta cancanci a yi gini da siffarta, ta hanyar duban sunayenta da tarihinta.

2.0 Sunayen Malfar

Sesotho harshen Bantu ne, ɗafa-goshi ke rarrabe ajin suna a cikinsa: Mosotho mutum ɗaya, Basotho jama'a, Sesotho harshe, Lesotho ƙasa. Sunan malfar, wato mokorotlo, ana danganta shi da aikatau korotla, mai ma'anar yin gunaguni. Haka kuma sunan wata waƙar maza ne da ake rerawa da kakkaurar murya. Suna na biyu shi ne molianyeoe, wato mai yanke shari'a, domin an san malfar da masu sarauta a zaman shari'a. Wannan kalma a Afirka ta Kudu modianyewe ake rubuta ta, saboda ƙa'idojin rubutun ƙasashen biyu sun bambanta, ko da yake furucin ɗaya ne.

3.0 Siffa da Tarihi

Basotho na cewa an kwaikwayi siffar malfar daga dutsen Qiloane, kusa da Thaba Bosiu, inda Sarki Moshoeshoe na Ɗaya ya kafa mazauninsa a 1824. Da aka sami 'yancin kai daga Ingila a 1966, an sanya farar malfa a tutar ƙasa. Bayan juyin mulkin soja na 1986, aka sauya tutar a 1987, garkuwa da mashi da kulki suka maye gurbinta. A 2006, lokacin cikar shekara 40 da 'yanci, malfar ta komo tuta, wannan karon baƙa, a matsayin alamar zaman lafiya.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa malfar Basotho ta tattara waƙa da shari'a da sarauta a wuri guda. Saboda haka, mai nazarin harshe da ya tsaya ga fassara mokorotlo da "malfa" kawai, ya bar mafi yawan ma'anar kalmar a baya.