Siyasa na shiga kasuwa ko ba a gayyace ta ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ƴan kasuwa, musamman iyayenmu mata masu ƙananan sana'o'i, duk lokacin da aka taɓo zancen mulki: ni ba ruwana da siyasa, abin da zan ci nake nema. Maganar tana da dalilinta, domin an sha yi wa talaka alkawali lokacin zaɓe, a miƙa masa sabulu da turmin atamfa, daga nan sai wani zaɓen. To amma in aka duba tarihin ƙasarmu na shekaru 30 da suka wuce, da wuya a samu wani babban mataki da magabata suka ɗauka, a Yamai ko a waje, wanda bai fara sauka a kan tiyar hatsi da kwalbar man gyaɗa ba.

A watan Janairun 1994, a birnin Dakar, aka karya darajar sefa da rabi. Kuɗin Faransa guda da ake canzawa dala 10 ya koma dala 20 a dare ɗaya, mai sayar da kayan waje ya wayi gari jarinsa bai iya sayo rabin abin da ya saba. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta har zuwa Disambar 2020, ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni da Magarya kuwa sun san yadda suka ji a jikinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta saka wa Nijar takunkumi, aka toshe hanyoyin Najeriya da Benin, aka yanke wutar lantarki da ke zuwa daga Najeriya, kuma ba a ɗage takunkumin ba sai a watan Fabrairun 2024. Mai ƙanƙara da mai lamurje da mai injin niƙa babu wanda aka yi shawara da shi, amma su suka biya.

Darasin 2005

Akwai lokacin da kasuwa ita ma ta mai da martani. A farkon shekarar 2005, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari, har da ruwan famfo da wutar lantarki, alhali kuwa damina ta yi gardama kuma fari sun yi ɓarna a shekarar da ta gabata. Ƙungiyoyin fararen hula suka haɗa gwiwa don yaƙi da tsadar rayuwa. A ranar 15 ga Maris dubban jama'a suka yi jerin gwano a Yamai, bayan mako ɗaya kuma aka yi kiran zaman gida, rumfuna da shaguna suka kasance a rufe. An kama shugabannin gwagwarmayar su biyar, cikinsu har da Nuhu Arzika da Musa Cangari, an kuma rufe gidan rediyon Alternative na wani lokaci. Duk da haka a watan Afrilu gwamnati ta zauna da su, ta janye harajin daga kan fulawa da madara, ta kuma sassauta na ruwa da wuta ga masu ƙaramin ƙarfi.

Abin lura a nan shi ne, talakawa ba su karanta kasafin kuɗin ƙasa ba, tunda da Faransanci aka rubuta shi. Gidajen rediyo masu zaman kansu ne suka yi ta fassara shi da Hausa da Zabarmanci, har mai ƙosai ta gane dalilin da ya sa kuɗin kayan haɗinta ya tashi. Da ta gane kuwa, sai ta kife kaskonta ranar da aka ce a zauna gida.

Mata ba su samu kujera a kyauta ba

Ƴan matan yanzu da yawa sun ɗauka 13 ga Mayu ranar anko ce da kiɗa. Asalinta kuwa, a 1991 ne aka kafa kwamitin shirya babban taron ƙasa, aka sa mace ɗaya tak a cikinsa. Matan Yamai, ma'aikata da ɗalibai da ƴan kasuwa, suka fito suka taka har ofishin firaminista, ba su janye ba sai da aka ƙara mata biyar. Daga baya aka mai da wannan rana ta zama ranar matan Nijar.

Tafiyar ba ta yi sauri ba. A zaɓen 1999 mace ɗaya ce ta shiga majalisar dokoki cikin ƴan majalisa 83. A watan Yunin 2000 aka kafa dokar kaso, wadda ta tanadi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na manyan muƙamai ga kowane jinsi. A zaɓen 2004 mata 14 suka shiga cikin 113. An ƙara kason kujerun zaɓe zuwa kashi 15 a 2014, sa'an nan zuwa 25 a 2019. A ƙasa kuma, asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991 ya koya wa matan karkara zubi da rance da tsayawa a yi magana gaban jama'a, har wasu daga cikinsu suka zama kansaloli bayan da aka soma zaɓen ƙananan hukumomi a 2004.

Yau yanayi ya sake. An rushe majalisar dokoki a 2023, an rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙo, an kuma rushe jam'iyyun siyasa a watan Maris na 2025. Wani zai ce ai shi ke nan, an huta da siyasa. Sai dai kuɗin rumfa da tikitin kasuwa da patanti da kuɗin duwan ba a rushe su ba, kuma har gobe wani ne ke yanke nawa za a biya da inda kuɗin za su tafi. Kansilar da a da ake iya tarewa a gidan suna a yi mata ƙorafi ba ta nan, saboda haka nauyin sa ido ya dawo kan masu biyan kuɗin.

Wa ke magana a rediyo?

Ƙasarmu ta daɗe da sanin darajar rediyo. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu saurare na rediyo kulob, a 1994 gidan rediyo mai zaman kansa na farko ya buɗe a Yamai, a 1999 kuma rediyon karkara na farko ya soma aiki a Bankilare. Amma duk wanda ke aiki a gaban makirfo ya san wani abu guda: in aka buɗe layi a kan gaishe-gaishe ko zaman aure, mata na kira, in aka koma kan haraji ko tsadar shinkafa, kusan duk muryoyin na maza ne, alhali mace ce ke auna tiya tana lissafin cefane.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Sau da yawa ana sa muhawara a lokacin da mace ke bakin murhu ko tana kwashe kaya daga kasuwa. A gidaje da dama akwatin rediyo da salula na hannun maigida. Ga kuɗin kira, ga tsoron a ji muryarta a ce ba ta da kunya. Su ma gidajen rediyo da talabijin suna da nasu kason, domin filin mata ya fi tsayawa kan girki da kwalliya da tallar man shafawa, kamar dai mace ba ta biyan haraji. Hajiyar da ta shekara 20 tana safarar albasa daga Galmi ko tattasai daga Diffa ta fi baƙi da yawa da ake gayyata sanin halin hanya da shingaye, kuma ya kamata a miƙa mata makirfo.

Kunne biyu, baki ɗaya

Kafofin labarai sun ragu. An dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Inda labari ya yi ƙaranci kuwa jita-jita ke yin kasuwa, kuma yanzu a WhatsApp take yawo. Saƙon murya ɗaya da ke cewa za a rufe iyaka ko za a canza kuɗi ya isa ya sa wani ya ɓoye kaya, wata ta karyar da nata da asara. Kafin ki tura saƙo gaba, Hajiya, ki tambayi kanki: wa ya faɗa, yaushe, kuma wace kafa ce ta biyu ta tabbatar? Ki sani kuma tun watan Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri a dokar laifukan intanet ga wanda ya ɓata sunan wani ko ya yaɗa abin da aka ɗauka zai ta da hankalin jama'a. Dokar ba ta tsaya kan ƴan jarida kaɗai ba.

Sanin abin da ke gudana yana da riba ta kuɗi tsaba. Tun 2006 hukuma ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati. Uwar da ba ta ji ba, ba za ta san abin da za ta tambaya ba. Haka yake ga hatsin da OPVN ke sayarwa da rahusa lokacin bazara da damina: wanda ya san rana da wuri da farashin da aka yanke, da wuya a yi masa ƙwange.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowa ba. In an karɓi kuɗi a kasuwa, a nemi takardar shaida a adana. Ranar zubin adashi ko asusu, a ware ɗan lokaci wadda ta saurari labarai ta faɗa wa sauran abin da ta ji, a tattauna. In akwai matsalar ruwa ko makewayi ko ƙarin kuɗin rumfa, shugabannin mata su tafi ma'aikatar magajin gari a ƙungiyance, su kuma nemi fili a rediyon garinsu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida kuma ya bar wa iyali akwatin rediyo in zai fita, ya bar ɗiyarsa ta ci gaba da lakkol, saboda gobe ita za ta karanta masa takardar da aka ce ya sa wa hannu.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.