Jingar yara 'yan firamare: abin da ya kamata iyaye su sani

Ba sai uwa ko uba sun yi boko ba ne za su iya taimaka wa ɗansu a kan jingar da malami ya ba shi. Abin da ɗan firamare ya fi bukata a gida shi ne lokaci tsayayye, da wurin zama, da babba mai sauraronsa.

Lokacin ne kan gagara. Yaro ya taso daga boko da rana, ya ci abinci, ya wuce Islamiyya sai dab da magariba. Ga aike, ga ɗiban ruwa, yarinya kuma ga raino ko talla. Sai da safe, ana neman takalmi, a tuna da jinga. Don haka a tsayar da lokaci guda da kowa a gidan ya sani, ko tsakanin magariba da isha, ko bayan asuba ga mai tashi da wuri. A lokacin ba a aikensa, ba a kunna talabijin. Tabarma da fitilar sola sun wadatar idan babu wuta.

Kada zaman ya yi tsawo. A Amurka akwai ƙa'idar da Farfesa Harris Cooper na Jami'ar Duke ya goyi baya: minti 10 ga ɗan aji ɗaya, a riƙa ƙara 10 a kowane aji, har ya kai awa guda a aji shida. Nazarinsa na 2006 ya nuna cewa a firamare yawan jinga bai cika ƙara wa yaro sakamako ba. Amfaninta shi ne sabo da zama a yi karatu. Likitocin barci kuma sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Yaron da aka tsare da littafi har sha ɗaya na dare, gyangyaɗi zai yi a aji.

Abin da ya fi damuna shi ne yi wa yaro aikin. Yayansa ya karɓi littafin ya cike, ko malamin lesin ya faɗa masa amsoshi. Malamin aji ya ga komai daidai, ya ɗauka an gane, ya wuce gaba. An cuci yaron, alhali taimako aka yi niyya. Gara ya kai aikinsa da kurakuransa, domin ta nan malami zai ga inda gyara yake.

To me za a yi? A ce masa, "Zo ka biya mini abin da aka koya muku yau." Uwar da ta saba jin karatun allo ta san bambancin mai tafiya sumul da mai tuntuɓe, ko da ba ta gane rubutun ba. Lissafi kuma ga shi a tsakar gida: ƙirgen wake, ko "An ba ka naira 500, ka sayo na 350, nawa ne canjin Baba?"

Karatu shi ne tushe. A rahotonsa na 2022, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Yaro ya fi saurin kama haruffa cikin harshen da yake ji, wanda a kan haka aka gina shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato. Don haka karanta masa labarin Hausa, ko daga Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ba ɓata lokaci ba ne.

Bulala da cewa "daƙiƙi" ba sa shigar da karatu. Ɓoye littafi suke koyarwa. Idan abu ya ƙi shiga kwana da kwanaki, a je a ga malami, kada a jira ranar karɓar sakamako. Idan kuma yaro yana manna littafi a fuska ko yana kukan ciwon kai, a kai shi asibiti a duba masa ido.