GUZURIN MAI FITA WAJE: SEFA, NAIRA DA RIYAL

Kowace shekara, da zarar an ɗaure hatsi an zuba a rumbu, sai motocin da ke tashi daga Waca su fara cika. Wasu sun nufi Magarya, daga can su bi ta Tinkim su shiga Nijeriya. Wasu sun yi wajen Dungas da bisashensu, don su ci kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Akwai samari masu zuwa cin rani Kano ko Legas, akwai masu kai marasa lafiya asibiti, akwai kuma dattawa maza da mata da suka yi shekaru suna tari domin sauke farali. Abu guda ya haɗa su duka: kuɗin da ke aljihunsu ba shi ne ake ciniki da shi a inda za su ba. A kan wannan ne muke so mu tattauna da ƴan'uwa masu karatu a shafinmu na yau, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Kakanninmu na ƙasar Sosebaki ba su san wahalar canji ba idan za su kudu. Wurin da aka karɓa a Waca shi ake kashewa a kasuwar Kurmi ta Kano. Ita kanta kalmar "kuɗi" jam'in wuri ce, kuma wuri 20.000 shi ake kira keso. Bayan da Faransa da Ingila suka raba ƙasar, aka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai arewa ta sami tamma da dala, kudu ta sami fam da sule. An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945. Naira kuwa ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairu 1973, naira biyu a kan fam guda. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma kuɗi biyu.

Jika a nan, jaka a can

Ruɗun farko daga baki yake fitowa. Mu a nan da dala muke ƙirga: dala guda sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jika guda kuma sefa 1.000. Lambar da ke rubuce a jikin takarda daban, wadda baki ke faɗi daban, kuma mun saba har ba mu lura. To, da ka ƙetare iyaka wannan lissafi ya tsaya. Idan ɗan kasuwar Kano ya ce maka "ɗari biyar", naira 500 yake nufi, ba a ninka ta da biyar. Idan tsoho ya ce "jaka guda", a tsohon lissafinsu naira 200 ke nan, wato fam ɗari na da. Idan kuwa ɗan canji ya ce "dala", kuɗin Amurka yake magana, wanda guda ɗaya tasa ta fi dalarmu sau ɗari. Mutum ya yi hankali da waɗannan kalmomi uku, don an sha yin ciniki a rabu da rigima alhali ba wanda ya yi nufin cuta.

Nan ne amfanin karatun manya yake bayyana. Wanda ya iya riƙe alƙalami, ya ce a rubuta masa lambar, ko a buga ta a wayar hannu ya gani da idonsa, kafin ya sa hannu a aljihu.

Darasin 1984

A shekarar 1980 naira guda, a farashin hukuma, ta fi dala saba'in. Mutanen bakin iyaka suna ajiye ta a tukunya da ƙarƙashin katifa kamar zinariya. Sai ga watan Afrilu na 1984: gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun naira, ta ba da ƙasa da mako biyu a mai da tsofaffi banki, ta kuma rufe iyakokin ƙasa. Manufar ke nan a kashe nairar da ke ɓoye da wadda ke waje. Wanda ke Magarya ko Dungas da buhun naira ba shi da hanyar kai ta banki, ga iyaka a rufe. Dukiyar mutane da yawa ta koma takardar banza. Iyakar ba ta buɗe ba sai farkon 1986, ga fari ya haɗu da rufewar, har mutane suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan El-Buhari.

Wanda ya ce wannan tsohon labari ne, ya tuna da Oktoba 2022, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sabunta takardun naira 200, 500 da 1.000. Aka sa wa'adin ƙarshen Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin takardu ba mai so, sababbi ba su isa ba. Kasuwannin bakin iyaka suka tsaya cik, masu bisashe suka rasa mai biyansu da tsabar kuɗi. Sai a watan Maris Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci a ci gaba da karɓar tsofaffin. A watan Yuni na shekarar kuma aka saki farashin naira ya bi kasuwa, ta faɗi ƙasa warwas. A 2025 jika guda ta sefa tana sayen fiye da naira 2.000. Ka dubi nisan da ke tsakanin wannan da 1980.

Kada mu ɗauka kuɗinmu ya tsira daga irin wannan. A watan Janairu 1994 an karya darajar sefa da rabi cikin dare guda, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. A ƙarshen 2004 kuma bankin BCEAO ya janye tsofaffin takardunsa, waɗanda ke cin rani nesa da yawa ba su ji ba sai bayan wa'adi ya matso. Duk da haka, a ganinmu, ga mutumin Waca hukuncin a fili yake: naira kuɗin kashewa ce, ba ta ajiya ba. A saye ta gwargwadon buƙata, abin da ya rage a mai da shi sefa ko kaya kafin a shigo gida.

Gaban ɗan canji

Ƴan canji suna nan a kasuwar Magarya, a Maigatari, da Wapa ta unguwar Fagge a Kano, inda nan ne babbar cibiyarsu. Sana'a ce kamar kowace, kuma akwai masu amana a cikinta da yawa. Sai dai a san yadda suke cin riba. Kowane ɗan canji farashi biyu gare shi: wanda yake sayen sefarka da shi, da wanda yake sayar maka da ita. Tsakanin biyun nan abincinsa yake.

Ga misali, don a gane. A ce yau yana sayen jika a kan naira 2.500, yana sayarwa a kan 2.560. Malam ya zo da jika ɗari ya canza duka a zama ɗaya, aka ba shi naira 250.000. Ya je Kano ya kashe 150.000, ya komo da 100.000. Wannan ragowar jika arba'in ce tasa da ya bayar. Amma da ya zo mai da ita, jika talatin da tara da ƴan daloli zai karɓa. Kusan jika guda ta tafi, bai ci ba bai sha ba. In kuma naira ta ƙara faɗuwa cikin makon da ya yi a can, hasarar ta fi haka. Da jika sittin ya canza tun farko, ya riƙe arba'in a lalitarsa, da ba abin da ya taɓa ta.

Akwai wani dalili kuma na riƙe sefa. Babbar takardarmu ta jika goma ce, babbar takardar Nijeriya kuwa ta naira 1.000 ce. Takarda guda tamu sai ta haifi fiye da ashirin tasu. Guzurin da zai ɓuya a aljihun cikin riga, in an canza shi sai ya zama ƙunshi, kowa a tasha ya san abin da ka ɗauko.

Saboda haka, a canza kaɗan a bakin iyaka, abin da zai isa kuɗin mota, abinci da masauki na kwana ɗaya ko biyu. Sauran a bari sai an isa. A tambayi mutum biyu ko uku kafin a tsaya wurin guda, don farashin safe ba lalle ya kai la'asar ba. Wanda ya tare ka a gefen tasha da farashin da ya fi na kowa daɗi, ka wuce shi. Ko jabu ne a tsakiyar ƙullin, ko ƙullin bai cika ba. A kwance roba a ƙirga ɗaya bayan ɗaya a gabansa, ko da bayanka mutane na jira, a kuma mai da yagaggiya da wadda aka liƙe. Malamai ma sun yi sharaɗi cewa musayar kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yinta a zama guda. "Bar su nan ka dawo da marece" ba ya cikin ciniki.

Yau a Nijeriya ciniki da yawa ta waya ake biyansa, masu na'urar POS kuma suna ko'ina, suna ba da tsaba su cire ladansu. Baƙon da ba shi da asusun banki a can, dole ya bi ta hannun wani. In ya zama tilas, ya bi ta hannun ɗan'uwa ko maigidan da aka sani a gida, kuma ya ga saƙon shigar kuɗin da idonsa kafin ya tashi.

Sefa biyu ce

Mai zuwa Kwatano, Lome, Abijan, Wagadugu, Bamako, Dakar ko Bisau ba ruwansa da canji. Ƙasashe takwas na UEMOA kuɗi guda suke ci, wanda BCEAO ke bugawa. Ƙaramin harafin da ke kusa da lambar takarda yana nuna ƙasar da aka fitar da ita ne kawai, namu na Nijar H ne, kuma kowace tana ci a ko'ina cikin takwas ɗin. Fitar Nijar daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025 ba ta canza wannan ba. Ga kuma kamfanonin aika kuɗi na gida irin su Nita, Amana da Al Izza. Mutum na iya zuba guzurinsa a nan ya karɓa a gaba, in suna da reshe a garin da ya nufa, ya huta da fargabar hanya. Sai ya adana rasit ɗinsa wuri daban.

Amma mai zuwa Cadi, Kamaru ko Gabon ya sani sefarsu ta wani banki ce, BEAC. Darajarsu ɗaya, sunansu ɗaya, takardunsu daban, kuma tun 1993 bankunan biyu suka daina karɓar takardun juna. A can ma sai ka nemi ɗan canji, kuma zai cire nasa.

Mai niyyar Makka

Alhazan da, masu bi ta Cadi da Sudan a ƙasa, sukan yi shekaru a hanya suna noma da ƙwadago don neman guzuri. Na yau hukumar COHO da kamfanonin jigilar alhazai ke tsara musu tafiya, kuɗin kujera kuma a sefa ake biyansa. Abin da ya rage wa maniyyaci shi ne kuɗin hannu.

A nan akwai abin da ya kamata a fahimta. Tun 1 ga Janairu 1999 sefa a ɗaure take da yuro, yuro guda kusan sefa 656, ba ya motsi. Riyal na Saudiyya shi kuma a ɗaure yake da dalar Amurka tun 1986, riyal 15 a kan dala 4. Wato farashin riyal a wurinmu yana hawa da sauka ne bisa yadda yuro da dalar Amurka ke kokawa. A ƙarshen 2025 riyal guda bai yi nisa da dalarmu talatin ba, wato sefa 150. Alhaji ya riƙe farashin ranar da ya canza a kansa, ya riƙa ninkawa kafin ya taya kaya. Ƴan kasuwar Makka sun iya Hausar ciniki, kuma "riyal hamsin" a kunne kamar ba kome ba ne, alhali jika bakwai da rabi ce.

Kuskuren da muke gani ga wasu mutanen yankinmu shi ne, saboda Kano ta fi kusa, sai su mai da sefa naira, su mai da naira dalar Amurka, in sun isa su mai da ita riyal. Ƙofa uku ke nan, kowace da mai karɓar nata. Gara a tafi banki a Damagaram a sayi riyal, ko yuro, ko dalar Amurka kai tsaye, a karɓi takardar shaida. A nemi ƙananan takardu a ciki. A ware kuɗin hadaya tun daga gida, a ware na tsaraba, kada a taɓa shi sai an gama ibada.

Abin da doka ta ce

Fita da kuɗi ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi. Dokar UEMOA ta 2010 ta ƙayyade wa mai fita daga ƙasashen takwas tsabar kuɗin waje da bai wuce kimanin sefa miliyan 2 ba, saura sai ta hanyar banki ko kati. A watan Disamba 2024 an kafa sabuwar doka a madadinta, don haka mai babban guzuri ya tambayi bankinsa ko ofishin duwan iyakar da ke aiki kafin ya ɗaura kaya. Nijeriya ita ma tana buƙatar a bayyana duk abin da ya wuce kimar dalar Amurka 10.000, Saudiyya kuma tana da nata ƙa'ida a filin jirgi. Dillalin shanun da ya komo daga Maigatari da kuɗin garke guda, wannan magana ta shafe shi kamar yadda ta shafi babban ɗan kasuwa.

Ma'aikacin gwamnati da aka tura aiki waje, in yana da katin banki, ya tabbata tun a gida cewa katin na aiki a ƙasar da zai je, ya kuma tambayi ladan da ake cirewa a kowane ɗauka; cirewa sau ɗaya mai kauri ta fi sau biyar ƙanana sauƙi.

Ko ina aka nufa, kada guzuri ya kwana wuri guda. Kashi ɗaya a aljihu don hidimar hanya, kashi ɗaya a lalita, kuɗin komowa gida kuma a ɗinke shi daban, a sefa, tare da lambar wayar wani na gida a rubuce a takarda. Iyakar Nijeriya ta rufe a Agusta 2019 har Disamba 2020, ta sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Waɗanda rufewar ta riska a can, tafiyar kwana uku ta zama musu ta makonni, kuma da abin da suka ware ne suka ci har suka sami hanyar komowa.