Sabuwar Mesa A Gida: Hannu Ya Jira Tukuna

A ƙasar Hausa, da zarar an ce "ga maciji" sai a nemi sanda, kuma labarin kafuwar Hausa Bakwai ma ya ratsa ta kan macijiyar da Bayajidda ya kashe a rijiyar Kusugu ta Daura. Shi ya sa mai karatu zai iya riƙe baki in ya ji cewa a Amurka da Jamus da Ingila akwai masu cire kuɗi su sayi mesa, su ajiye ta a ɗaka kamar yadda wani ke kiwon aku ko tattabara. Wadda aka fi kiwatawa kuwa 'yar yankinmu ce, ƙaramar mesar da masana ke kira Python regius. Daga Gana da Togo da Benin ake fitar da dubbanta kowace shekara, ana samunta a Najeriya, a garin Wida na Benin ma har ɗakin bauta gare ta. Ba ta da dafi, da wuya tsawonta ya wuce mita ɗaya da rabi, in ta tsorata kuma sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya. Kuskuren farko da sabon mai kiwo ke tafkawa daga ɗoki yake fitowa: ranar da ta iso, ranar yake son ya ɗauke ta ya nuna wa abokai. A ganina abin da ke sa mesa ta yarda da hannu shi ne a fara janye mata hannun, a gyara mata mazauni, sannan a bi ta sannu a hankali.

Dalilin yana cikin yadda aka halicce ta. A daji tana wuni ne cikin ramin ɓera ko tsohon suri, wuri matsattse mai duhu da ɗumi da laima, sai dare ya yi ta fito farauta. Ba ta da kunne a waje, amma tana jin girgizar ƙasa a jikinta, kuma harshen nan da take zurowa tana mayarwa ƙamshi yake kwasowa ya kai wa wata gaɓa da ke rufin bakinta. A leɓenta na sama akwai 'yan ramuka da ke gane ɗumin jikin duk wani mai jini ko da cikin duhu ne. To, a auna yadda hannun mutum yake a wurinta: abu ne babba mai ɗumi da ke saukowa daga sama, daidai yadda shaho ke kawo sura. Ga shi kuma ta kwana a ƙunshe cikin jaka, ta sha jijjigar mota ko jirgi, an juye ta a wurin da babu ƙamshin da ta sani. Wannan ne ya sa gogaggun masu kiwo suka haɗu a kan a bar sabuwar mesa sati ɗaya zuwa biyu ba a taɓa ta ba, in ban da canza mata ruwa da kwashe kashi.

A cikin waɗannan kwanaki aikin mai ita yana kan akwati. Maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi, daga waje yake arowa, saboda haka dole gefe ɗaya na akwatin ya kai kamar digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen ya tsaya wajen 25 ko 26, domin ta riƙa zaɓa da kanta. Laimar iska kada ta yi ƙasa da kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, wanda ke nufin mai kiwo a Kano ko Zinder zai sha aiki lokacin hunturu, a lokacin bazara kuma zafi ne zai zama abin tsoronsa. Sai maɓoya guda biyu, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi. Ƙwarya da aka kife aka yanke mata 'yar ƙofa ta wadatar, muddin ta matse har bayan mesar na gogar rufinta. Mutane kan ɗauka gata ne su ba ta fili fetal cikin gilashi a tsakiyar falo, kusa da talabijin, alhali wadda ba ta da wurin ɓuya kullum a firgice take. Wadda ake gani da rana tsaka tana zagaye tana goga hanci a jikin gilashi, hanyar tsira take nema. Wadda ta shige maɓoya ta wuni ba a ga ko wutsiyarta ba, ita ce hankalinta ya fara kwanciya.

Abinci shi ne shaida. Wannan mesa ta yi suna wajen yajin cin abinci, tana iya shafe watanni ba ta karɓi ɓera ba in wani abu ya dame ta. Idan ta ci sau biyu ko uku a jere, ta nuna ta amince da wurin, a nan ne za a fara maganar hannu. Ko a lokacin ma akwai ranakun da ba a taɓa ta. Bayan ta haɗiye ɓera sai a jira aƙalla kwana biyu, domin in aka motsa ta da ciki cike takan amayar da shi, aman kuma na ƙona mata maƙogwaro har sai an ɗaga mata ciyarwa na wasu makonni. Haka nan in za ta yi saɓa: fatarta kan dushe, idanunta su yi hazo-hazo kamar an shafa musu nono, ba ta gani sosai, komai kuma na iya sa ta kai cizo.

Ita kanta ɗaukar tana da ladabi. A wanke hannu da sabulu tukuna, don yatsan da ke warin ɓera, ɓera ne a wurinta. A bari sai ta farka, a ɗan shafi tsakiyar jikinta da ƙugiya ko naɗaɗɗiyar takarda, ta yadda a kwana a tashi za ta gane wannan taɓawar ba ta abinci ba ce. Sannan a zura hannu ta gefe, a cicciɓe ta daga ƙasa a tsakiyar jiki, ɗaya hannun ya tallafi sauran. Ba a kama wuya, ba a jan wutsiya, ba a kai yatsa kanta. Kuma kada a yi ta kai hannu ana janyewa, wannan ɗar-ɗar ɗin ya fi ita kanta ɗaukar tayar mata da hankali. Minti biyar ya isa a karon farko, mutum na zaune a ƙasa, sau ɗaya ko biyu a sati. Za a ji ta a tafin hannu, sanyi-sanyi, busasshiya, a dunƙule tam kamar curin igiya. Bayan ɗan lokaci sai curin ya sassauta, kai ya leƙo, harshe ya fara fita a hankali, ta soma bin yatsu tana hawa damtse. Wannan sassautawar ake nema. In kuwa ta janye wuya ta lanƙwasa shi, jiki ya sandare, tana huci, a tsaya cik har ta lafa kafin a mayar da ita.

Wani zai ce ai sabo da yawan haɗuwa ake yin sa, don haka a riƙa ɗaukarta kullum tun ranar farko har ta gaji ta sallama. Zai ma iya kawo misali da gardi, wanda ke kama maciji ya rataya a wuya a tsakiyar kasuwa. Gaskiya ne dabbar da aka matsa wa takan daina turjiya, sai dai gajiya daban, natsuwa daban. Ita wannan mesa musamman tana ruɗar mutane, domin makaminta shi ne yin lamo: mai ita na murna ta yi laƙwas a hannunsa, ita kuwa tsoro ne ya ƙame ta. Sakamakon yakan bayyana bayan makonni, in ta ƙi abinci ta fara ramewa. Shi kuwa gardi kallo yake sayarwa na ɗan lokaci, ba wanda ke bin sawu ya ga shekara nawa macijin nasa ya yi a cikin kwando.

Wani kuma ta ɗaya gefen zai ɓullo, ya ce duk wahalar banza ce, maciji ba ya sanin ubangidansa. Wannan yana da rabin gaskiya, kuma gara mai kiwo ya riƙe ta. Mesa ba ta marhabin da mutum kamar kare, ba ta kewarsa in ya yi tafiya. Abin da take koya shi ne wannan ƙamshi da wannan taɓawa ba su taɓa cutar da ita ba, sai ta daina ɗaukarsu a matsayin haɗari. Amfaninsa a fili yake: a share akwati ba faɗa, a duba bakinta da fatarta, a kai ta wurin likitan dabbobi. Iyakar sabon ke nan, shi ya sa bai kamata a miƙa wannan magana kan manyan mesa ba. A watan Agustan 2013, a garin Campbellton na Kanada, babbar mesar Afirka, irin wadda mafarautanmu suka sani, ta kuɓuce daga mazauninta ta kashe yara biyu suna barci. Ita ƙaramar ma tana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, don haka a wanke hannu bayan an taɓa ta, kuma hukumomin lafiya a Amurka na gargaɗin kada yara 'yan ƙasa da shekara biyar su taɓa irin waɗannan dabbobi.

Asalin mesar ma na da tasiri. Wadda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo ta fi saurin karɓar abinci da hannu a kan wadda aka tono daga rami tana babba, wadda sau da yawa kan zo da kaska da tsutsar ciki, wani lokaci kuma har abada ba za ta daina dunƙulewa ba. Irin wannan sai a haƙura a bar ta ta zama ta kallo. Cinikinta tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, saboda haka fitar da ita sai da takardar izini. Mai ganin sati biyu sun yi masa tsawo kuma ya dubi tsawon zaman da ke gabansa: a hannun mai kula tana kai shekara 20 zuwa 30, a shekarar 2020 ma wata da ke gidan namun daji na Saint Louis a Amurka ta saka ƙwai bakwai tana da kimanin shekara 62.