Shin Ko Kun San? Samuwar Abu Daban, Aikinsa Daban

Akwai wata kalmar Turanci, functional, da ba ta barin bakin jami'an gwamnati da likitoci da magina. Tushenta aiki da amfani ne, amma kowane fanni da inda ya ja ta. Ga kaɗan daga ciki, da misalai daga gida.

Shin ko kun san cewa a wajen ma'aikatan lafiya gini da fenti ba su isa a ce asibiti yana aiki ba? Sai an samu ungozomar da ke kwana a wurin, da magani a kanta, da ruwa, da wutar da za ta riƙe firjin allurar rigakafi. A watan Janairun 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin farfaɗo da ƙananan asibitoci 10,000, da burin kowace mazaɓa ta samu guda mai aiki. Zamfara na da mazaɓu 147, kuma kwalejin kimiyyar lafiya da ke Tsafe na yaye irin ma'aikatan da waɗannan asibitoci ke nema.

Shin ko kun san cewa likitoci na kiran wasu cututtuka da sunan functional? Su ne waɗanda ake yin gwaji da hoto ba a ga rauni ko ƙari ba, alhali hanji ko ciki ba ya gudanar da aikinsa daidai. Mai irin wannan ciwo ba ƙarya yake yi ba. Kulawa yake buƙata, kada a ce masa raki ne.

Shin ko kun san cewa a 1965 ministocin ilimi na duniya sun taru a Tehran, babban birnin Iran, suka jaddada cewa karatun manya ya zama mai amfani ga sana'a? Manufar ita ce manomi ya iya karanta rubutun buhun taki, ɗan kasuwa ya rubuta bashinsa, uwa ta gane ƙa'idar shan magani. Arewacin Nijeriya ta fara Yaƙi da Jahilci tun shekarun 1950. Tun kafin nan fatake na rubuta lissafinsu da ajami, kuma 'Yandoto ta ƙasar Tsafe ta yi suna a ilimi tun gabanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Shin ko kun san cewa a 1896 wani mai zanen gine-gine na Amurka, Louis Sullivan, ya rubuta cewa aikin gini shi ya kamata ya tsara siffarsa? Maginin rumbu a ƙauyukan Bungudu da Kwatarkwashi ya daɗe da sanin haka. Yakan ɗora gindin rumbu a kan duwatsu don kada danshi da gara su taɓa hatsi. Yakan cuɗa laka da ciyawa don kada ta tsage, ya matse bakin ta sama, ya kifa masa jinka saboda ruwan damina. Duba shi da kyau, babu ɓangaren da aka yi don ado kawai.

Shin ko kun san cewa randa na sanyaya ruwa ne saboda gumin da take yi? Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, ya tafi da zafi. Da wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya a Jigawa, har ya samu kyautar Rolex a 2000.

Shin ko kun san cewa a lissafi ma dangin kalmar functional na nan? Masanin Jamus Leibniz ne ya shigar da ita a ƙarshen ƙarni na 17, kuma a yau tana nufin dogaron wani adadi a kan wani, kamar yadda kuɗin gero ke bin yawan tiyar da aka auna.

Shin ko kun san cewa layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929? Gyada da auduga da fatu yake kwasa, kuma shi ya bunƙasa kasuwancin Gusau. Yau ƙarafan na nan kwance, amma an yi shekaru jirgi bai yi zirga-zirga yadda ya saba ba. Masaƙar Gusau da aka kafa a shekarun 1960 ma ta tsaya, ta bar magidanta da dama ba aikin yi.

Saboda haka idan aka ce an yi wa unguwarku rijiyar burtsatse, ku je ku buga famfon. Idan aka ce an gina aji, ku leƙa ku ga ko akwai malami da allo. Abin da kuka tarar ya tsaya, ku kai maganarsa ga mai unguwa da kansila, ku kuma bi sawu har a gyara.