Babi na Uku: Taron Mako-Mako da Hanyoyin Tara Kuɗi a Ƙungiyar Rotary

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani ne a kan yadda kulob ɗin Rotary yake gudanar da taronsa na mako-mako, da kuma hanyoyin da yake bi wajen tara kuɗin taimakon jama'a. An haɗa waɗannan abubuwa biyu a babi ɗaya saboda ba su rabuwa, domin a wurin taron ne ake samun mafi yawan abin da ake taimakon da shi. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne kulob ɗin Kano, wanda aka kafa a shekarar 1961, kuma shi ne na farko a duk faɗin Nijeriya.

3.1 Asalin Taron

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa wannan ƙungiya tare da abokansa 3 a birnin Shikago na ƙasar Amurka, ranar 23 ga Fabrairu, 1905. A farkon al'amari ba su da zauren taro, sai dai su riƙa zagayawa, yau a ofishin wannan, wani mako a ofishin wancan. Daga wannan zagaye ne sunan ƙungiyar ya samo asali, alamarta kuma ita ce ƙafar keke mai haƙora. Wato ke nan tun daga tushe zumunci ne ya fara zuwa, aikin taimako daga baya ya biyo.

Tsarin ɗaukar mambobi shi ma yana da dangantaka da wannan. Akan ɗauki mutum ne a matsayin wakilin sana'arsa, ta yadda a zama ɗaya za a sami likita da lauya da ɗan kasuwa da injiniya da malamin makaranta. Ba a fara karɓar mata a matsayin cikakkun mambobi ba sai bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na shekarar 1987, sannan a 1989 aka gyara dokar ƙungiyar ga duniya baki ɗaya.

3.2 Yadda Ake Gudanar da Taro

Kowane kulob yana da ranarsa da lokacinsa da wurinsa, galibi a zauren wani otal, da rana ko da yamma bayan an tashi daga aiki. Shugaba ne yake buɗe taro ta hanyar kaɗa ƙararrawa. Daga nan sai a yi addu'a, a rera taken ƙasa, sannan a karanta ma'aunin nan mai tambayoyi 4 wanda Herbert Taylor ya tsara a 1932, ƙungiya kuma ta karɓe shi a 1943. Ma'aunin yana neman mutum ya duba maganarsa da aikinsa ta fuskar gaskiya, da adalci, da ƙulla zumunci, da kuma amfanin kowa. Bayan wannan sai a gabatar da baƙi, sakatare ya karanta sanarwa, shugabannin kwamitoci su faɗi inda ayyukansu suka kwana. Sau da yawa akan gayyato wani masani ya yi gajeren jawabi a kan lafiya ko ilimi ko kasuwanci. Akan ci abinci tare, kuma kowa shi yake biyan kuɗin abin da ya ci.

Akwai wani jami'i da ake kira saje, wanda aikinsa shi ne kula da ladabin taro. Shi ne yake cin tarar wanda ya makara, ko ya manta bajensa a gida, ko wayarsa ta yi ƙara ana cikin jawabi. Ana yin wannan tara ne cikin raha, kusan irin wasan da ke tsakanin taubasai, amma kuɗin da ake biya na gaske ne. Haka kuma wanda aka yi wa haihuwa, ko ya sami ƙarin girma, ko ya dawo daga tafiya lafiya, yakan miƙe ya sanar, ya jefa wani abu a asusu don nuna farin ciki. Mai kallo daga waje zai ɗauka wasa ne kawai. Amma idan aka lura, abin da ake tarawa mako bayan mako har shekara ta zagayo yakan isa a sayi littattafai ko magunguna, ba tare da an roƙi kowa ba.

A da, doka ta wajabta taro kowane mako, kuma wanda ya yawaita fashi yana iya rasa kujerarsa, sai dai idan ya rama ta hanyar halartar taron wani kulob. A shekarar 2016 an sassauta wannan doka, aka bar wa kowane kulob zaɓi muddin zai zauna aƙalla sau 2 a wata.

3.3 Hanyoyin Tara Kuɗi

Wajibi ne a bambanta kuɗi iri biyu. Akwai kuɗin ƙa'ida da kowane mamba yake biya, wanda da shi ake tafiyar da kulob, a kuma aika da wani kaso ga gunduma da hedikwatar uwar ƙungiya da ke Evanston a jihar Illinois. Wannan ba kuɗin taimako ba ne. Kuɗin taimako asusunsa daban, kuma rashin raba su yana daga cikin abubuwan da kan jawo wa ƙungiyoyi zargi da rashin yarda.

Babbar ranar tara kuɗi a nan Nijeriya ita ce ranar bikin naɗa sabon shugaba. Shekarar Rotary tana farawa ne ranar 1 ga Yuli, kuma shugaba shekara ɗaya tak yake yi. A wurin bikin yakan bayyana ayyukan da yake so ya yi, kamar haƙa rijiyar burtsatse, ko gyaran azuzuwa, ko duba idanun marasa ƙarfi kyauta, sannan a buɗe gidauniya. Akan gayyato babban mai ƙaddamarwa da attajirai da kamfanoni, kowa ya faɗi abin da zai bayar. A ganin mai wannan bincike, wannan hanya ita ce mafi armashi, amma kuma ita ce mafi rauni, domin alkawarin da aka yi a gaban jama'a da mai ɗaukar hoto ba duka ne yake zama kuɗi a hannu ba. Wanda ya yi alkawari ya tafi, sai an bi shi. Amma mamba da zai sake zama da 'yan'uwansa mako mai zuwa, kunya kaɗai ta isa ta sa ya cika. A nan ne tsarin ya yi kama da gayya da adashi, waɗanda su ma sanayya da ganin ido ne suke riƙe da su.

Hanya ta gaba ita ce Gidauniyar Rotary ta duniya, wadda Arch Klumph ya kawo shawarar kafa ta a 1917, kuma gudummawar farko da ta samu dala 26 da santi 50 ce kacal. Tun daga 1957, duk wanda ya ba ta dala 1,000 akan karrama shi da lambar yabo mai ɗauke da sunan Paul Harris. Kuɗin da aka zuba a asusunta na shekara-shekara akan juya shi tsawon shekara 3, sannan kusan rabinsa ya koma hannun gundumar da ta tara shi. Idan aiki babba ne, wanda kasafinsa ya kai dala 30,000 ko fiye, kulob yakan haɗa gwiwa da wani kulob na wata ƙasa su nemi tallafi tare.

3.4 Yaƙi da Shan-inna

Babu aikin da ya nuna inda waɗannan kuɗaɗe suke zuwa kamar yaƙi da cutar shan-inna. Ƙungiyar ta ƙaddamar da shirin PolioPlus a 1985 da nufin tara dala miliyan 120, amma abin da aka samu ya kai miliyan 247. A 1988, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da Rotary da sauran abokan aiki suka ɗaura aniyar kawar da cutar, tana nakasa yara kimanin 350,000 a kowace shekara a ƙasashe 125. Zuwa yanzu gudummawar ƙungiyar ta haura dala biliyan 2, kuma Gidauniyar Gates takan ƙara dala 2 a kan kowace dala 1 da aka tara.

Kano ta shiga wannan tarihi ta fuskoki biyu a lokaci guda. A watan Yuli na 2003 wani lauya ɗan kulob ɗin Kano, Jonathan Majiyagbe, ya zama shugaban Rotary na duniya, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. A cikin wannan shekarar ce kuma gwamnatin jihar ta dakatar da rigakafin, saboda zargin da ya bazu cewa an gurɓata maganin. Ba a ci gaba ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an kawo magani daga ƙasar Indunusiya, kuma a tsakanin nan cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da a baya suka rabu da ita. Wannan ya nuna cewa kuɗi da magani ba su wadatar ba idan iyaye ba su yarda ba. Shi ya sa daga baya aka mayar da hankali ga sarakuna da malamai da masu unguwanni, mambobin kulob kuma suka riƙa fita tare da ma'aikatan lafiya a ranakun rigakafi, ana bi gida-gida ana ɗiga wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 magani a baki. An ga ƙwayar cutar ta asali karo na ƙarshe a Nijeriya a jihar Borno a 2016, sannan ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa yankin Afirka ya rabu da ita. Ana ci gaba da rigakafin duk da haka, saboda wani nau'in ƙwayar da kan ɓulla a wuraren da yara da yawa ba su sami ɗigon ba.